Gadon Ƙasa da Wutar Ƙarƙashinsa a Daddara da Kewayenta

Wanda duk ya taɓa kwana a Daddara a tsakiyar hunturu, watau daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da malaman hisabi ke ƙidayar kwanakin taurarin Na'a'imu da Balda da Sa'aduz Zabihi, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan abin da ake kira ɗari. Garin yana bisa hanyar da ta tashi daga Birnin Katsina ta nufi Jibiya, ta ratsa Magama inda ƙasar Nijeriya ta tuƙe, ta faɗa Ɗan Isa, har ta dangana da Maraɗi. Kuma da yake ƙasar wajen galibinta fili ce mai rairayi, ba kurmin da zai tare iska, sai iskar nan ta arewa maso gabas, wadda ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta iso da cikakken ƙarfinta, ta busar da leɓe, ta tsaga dunduniya, ta sa tsoho ya kwana yana juyi saboda ciwon gaɓoɓi. Da rana zafi yakan kusanci digiri 30, amma kafin assalatu sai ya gangaro zuwa 12 ko ƙasa da haka, kuma wannan saukowa ta dare ɗaya ita ce ke jigata jiki fiye da sanyin kansa.

Mutumin Turai da ya saba da ƙanƙara zai ji wannan ya ce ai ba sanyi ba ne, amma shi gidansa da tufafinsa da abincinsa duk don sanyi aka shirya su, alhali kuwa mu namu don zafi aka tsara su, tun da zafi ne ke cin mafi yawan shekararmu. A zamanin da kuwa, kafin gwanjo da bargunan masana'anta su cika kasuwanni, talaka ba shi da abin rufa face gwado ko luru na saƙi, wani ma zanen da ya yini da shi, da shi zai kwana. Bargon ulu, wanda fatake ke kawowa daga nesa, kayan sarakuna ne da attajirai. To, da me kakanninmu suka yi maganin waɗannan darare? Maza da almajirai sukan hura wuta a zaure ko a tsangaya su kewaye ta, wannan kowa ya sani. Amma a cikin gida, a ɗakunan tsofaffi da masu jego da marasa lafiya, akwai wata dabara da ta fi wannan zurfin tunani, ita ce gadon ƙasa da ake zuba wa garwashi a ƙarƙashi, wanda yau ya kusa ɓacewa ba tare da mu masu shi mun tsaya mun auna amfaninsa da illarsa bisa adalci ba.

Ya kamata a fara tunawa da cewa iyakar nan ta Magama sabuwar aba ce, al'adar kuwa ta girme ta nesa ba kusa ba. Ƙasar nan duka, daga Birnin Katsina har gulbin Maraɗi, a da ƙasa guda ce. Sa'ad da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin a wajen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya karɓi mulki, sai zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi a wajen 1819. Daga nan tsakanin biranen biyu ya zama fagen hare-hare har kusan ƙarshen ƙarnin, musamman a zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, garuruwa da yawa suka watse, daji ya cinye gonaki. Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, kuma bayan yarjejeniyar da suka ƙulla da Faransa a 1906, jami'an ɓangarorin biyu, Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho, suka bi ƙasar suna kafa turakun iyaka har zuwa 1908. Da yaƙi ya kwanta a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, mutane suka sake fitowa fili suna saran daji suna kafa gidaje, kuma ginin da suka yi a wannan ɓangare da wancan iri ɗaya ne, domin maginan 'yan'uwan juna ne, amare ma daga can ake kawo su nan, daga nan a kai su can, kowacce da abin da ta gani a ɗakin uwarta.

Shi gadon ƙasa ba kafinta ke yin sa ba, aikin magini ne, kuma da irin ƙasar da aka gina ɗakin ake tayar da shi. Akan haƙo ƙasa mai danƙo daga kududdufi, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, wani lokaci har da kashin doki ko na jaki, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta yi 'yan kwanaki tana ruɓa, sa'an nan a sake kwaɓawa. Domin ƙasar da ba ta sha kwaɓi ba, da ta ji wuta sai ta dare. A jikin bango, galibi ta gefen da ba ya fuskantar ƙofa, magini yakan tayar da 'yar katanga mai tsayin kamu ɗaya ko da ɗan ɗori, gwargwadon tsawon mutum da faɗin kwanciyarsa, ya bar cikinta fanko, ya jera sanduna masu ƙwari ko guntayen azara a bisa, ya lulluɓe su da yaɓe ta sama da ta ƙarƙashi har itacen ya ɓace sarai, don kada zafi ya taɓa shi tsirara. A gaba sai ya bar 'yar kafa wadda hannu da ƙaramin kasko za su iya shiga, ita ce bakin wuta. Wasu sukan ɗaga wajen kai kaɗan ya zama matashi, wasu su tayar da ɗan bango ta gefen ƙofa ya zama kariya daga iska da idon mai shigowa, kuma magini mai gwaninta yakan yi wa fuskar gadon zane da yatsa tun ƙasar tana ɗanya, irin wanda ake yi a bakin zaure.

Kaurin saman gadon shi ne inda ake gane gwani. In ya yi siriri, zai yi zafi da wuri ya dami mai kwanciya, ya kuma huce tun dare bai raba ba. In ya yi kauri ainun, zai ci wuta mai yawa kafin ɗumi ya ratso. Wannan awo a hannun magini yake, ɗa ya gada wurin uba, kamar sauran ilmin sana'ar da ta fitar da irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Mukan yi alfahari da bakan gizo da tulluwar manyan soraye, kuma da gaskiyarmu. Amma sanin yadda ƙasa ke shan zafi sannu a hankali, ta riƙe shi, ta kuma sake shi sannu a hankali, shi ne ya sa soron sarki ke da sanyi da tsakar rana da ɗumi da tsakar dare, kuma shi ɗin dai ne aka tattara a cikin gadon tsohuwar ƙauye.

Idan magini ya gama nasa, sai mata su karɓa, domin su ne masu daɓe. A shimfiɗa birji a ɗaki, a yayyafa ruwa, a jeru da madaɓai ana bugu ana waƙa har ƙasa ta daskare, sa'an nan a shafe ta da ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ko kuwa ruwan bagaruwa, ta yi duhu da sheƙi ta daina tashin ƙura. Gadon ma haka ake shafe shi, a goge da dutse mai santsi, kana a shimfiɗa tabarmar kaba ko buzu. Kiyaye shi kuwa aiki ne mai sauƙi amma ba ya son sakaci. Kowace safiya akan kwashe toka, ita ma ba zubarwa ake yi ba, tun da tana da amfani a miya da sabulu. Kowace shekara bayan ɗaukewar damina akan duba ko ya tsage, a cike tsagar da sabuwar ƙasa, domin tsaga ita ce hanyar hayaƙi da tartsatsi zuwa tabarma. Akan ƙwanƙwasa a ji ko gara ta bi sandunan ciki ta cinye su a ɓoye, don gadon da gara ta ci yakan rufta da mutum ba zato. In kuwa sanyi ya wuce, sai a toshe bakin da dutse ko tsohon kasko, kada kunama ko maciji su mai da shi gida.

Ba a hura wuta mai harshe a ƙarƙashin gado, sai fa wanda bai san abin ba. Ƙa'ida ita ce, bayan an sauke tuwon dare, a kwaso garwashin murhu a kasko ko tsingaro, musamman na itace mai nauyi irin marke ko ƙirya wanda ke daɗewa bai zama toka ba, a tura shi ciki, a barbaɗa masa toka kaɗan don ya ci a hankali. Kara da kirare suna da saurin kamawa da saurin mutuwa, sai a rashin wani ake komawa gare su. Akan sa wutar tun magariba, ta yadda kafin a yi lisha a gama hira, ƙasa ta riga ta sha ɗumi, garwashin kuma ƙarfinsa ya karye. Malamai sun daɗe suna jan kunnen jama'a da hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito, cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a riƙa kashe wuta idan za a yi barci. Kuma Imamu Nawawi a sharhinsa ya bayyana cewa dalilin wannan hukunci shi ne tsoron gobara. A ganina garwashin da ƙasa ta kewaye ta ko'ina, aka kuma rufe shi da toka, ya fi kusa da kiyaye manufar wannan umurni fiye da wutar da ake hurawa a tsakar ɗaki, kusa da jinka da zana da bakin zanen yaro.

Ban da aminci, akwai tattali. Wutar tsakar ɗaki iska take ɗumamawa, iska mai ɗumi kuwa sama take tashi ta fice ta jinka, ta bar mutum gabansa yana gasuwa bayansa yana rawar ɗari. Gado kuwa yana ba da ɗuminsa ta inda jiki ya taɓa, tun daga ƙafa har kafaɗa, kuma da garwashin da aka riga aka ci amfaninsa a girki. A ƙasar da itace ke ta ƙara wuya tun farin 1973 da na 1984, kuma dajin Rugu da ake samo shi ya zama wurin da mai saran itace ke tsoron shiga, wannan tattali ba ƙaramin abu ba ne.

Ba Hausawa kaɗai Allah Ya kimsa wa wannan dabara ba, kuma duba yadda wasu al'ummai suka yi nasu zai nuna mana inda namu ya tsaya. Rumawa, tun ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, sukan ɗora daɓen ɗakunan wankansu bisa gajerun ginshiƙai na jan bulo, su hura tanderu a waje, zafi da hayaƙi su bi ta ƙarƙashin daɓen su hau ta bututun yumɓu da ke cikin bango. Musulmi sun gaji wannan a hammamansu, kuma har yau ana ganin alamarsa a Ƙusairu Amra, ƙaramar fadar da Walidu ɗan Yazidu na Banu Umayya ya gina a hamadar Urdun a farkon rabin ƙarni na 8. Manoman Kastila a Sipaniya suna da nasu da suke kira gloria, wanda ake hura wa tattakar alkama saboda ƙarancin itace a ƙasarsu. A arewacin ƙasar Sin akwai kang, dandamalin bulo ne da hayaƙin murhun girki ke ratsawa kafin ya fita, a kansa iyali ke zama su ci abinci su kwana, kuma shi ne ya fi kowanne kama da gadonmu. Mutanen Koriya kuwa sun zarce kowa, domin su ɗakin gaba ɗaya suka mayar gado: sukan haƙa hanyoyin hayaƙi a ƙasa, su rufe da faffaɗan duwatsu, su yaɓe da yumɓu, su manna takarda mai mai a bisa, suna kiran wannan ondol, kuma asalinsa ya haura shekara dubu biyu.

Duk waɗannan suna da abu biyu da namu ya rasa, watau bakin wutar yana waje da makwanci, kuma akwai mafitar hayaƙi da ke kai shi sama da rufi. Kada a ɗauka rashin basira ne ya hana maginanmu yin haka. Sanyinmu na wata biyu ne ko uku, ba ya kai mutum ya ɓata dukiya a kansa. Ɗakin jinka kuwa yana numfashi ta ko'ina, hayaƙi kaɗan da ya tashi zai sami hanya, hasali ma yana da amfani, tun da yana korar sauro yana kuma hana ƙwari cin ciyawar rufi. Gadon ya dace da ɗakin da aka yi shi dominsa, kuma sai da ɗakin ya sauya wannan rashi ya zama abin tsoro.

Inda gadon ƙasa ya fi daɗewa, inda kuma aka fi zarginsa, shi ne ɗakin mai jego. A fahimtar magabata, mace idan ta haihu jikinta ɗanye ne, a buɗe yake, sanyi yana iya shigarsa, sanyi kuwa a wurinsu shi ne tushen kumburi da ciwon gaɓoɓi da yawancin lalurorin mata. Saboda haka dole a gasa ta. Tun ciki bai tsufa sosai ba miji zai fara tara itacen wanka, in haihuwar fari ce kuma sai ta tafi gidan iyayenta goyon ciki. Bayan haihuwa, ungozoma ko wata tsohuwa ta gida za ta dafa ruwa a babbar tukunya har ya tafasa, a tsoma ganyen runhu ko tsamiya ko sabara, daga baya kuma bedi, wanda ba a shigo da shi Nijeriya ba sai a 1928 ta Barno, a riƙa fyaɗa wa jiki safe da yamma har kwana arba'in, wasu ma su zarce. Ta sha kunun kanwa, ta ci ƙauri da yaji, sa'an nan ta kwanta bisa gado mai wuta. Ita kanwar fatake ne ke kawo ta daga ƙasar Manga da gaɓar tafkin Cadi, inda ake samun ungurnu. Ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan duka al'ada ce, ba hukuncin fiƙihu ba: a mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mafi tsawon jinin biƙi kwana sittin ne, arba'in kuwa maganar Hanafiyya ce da Hambaliyya, kuma wankan da shari'a ta wajabta guda ɗaya ne, na tsarki, sa'ad da jini ya ɗauke. Amma al'adar tana da alherin da ba a cika faɗa ba, domin a waɗannan kwanaki ne kaɗai matar talaka ke hutawa daga daka da ɗibar ruwa, ta ci nama, uwa da goggo suna kanta dare da rana.

A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka lura da yawan masu jego da ake kawo musu da kumburin ƙafa da haki da gazawar zuciya. Suka bi mata 224 suna duba su, suka buga abin da suka gano a 1978. An ƙiyasta a lokacin cewa ciwon yana samun kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a birnin Zariya, abin da ya fi na yawancin ƙasashen duniya nesa, kuma an fi ganinsa da damina, wajen watan Yuli. Hujjarsu ita ce, kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki, zafin wanka da na gado kuma yana buɗe hanyoyin jini na fata ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki, a lokacin da laimar iska ke hana zufa bushewa. Wannan bayani ya yi shekaru shi ake koya wa ɗaliban likitanci. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranci wani bincike da ya haɗa asibitoci da yawa a faɗin Nijeriya, aka buga shi a 2020, kuma ba su sami alaƙa bayyananniya tsakanin ciwon da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da suka fi gani a wurin masu ciwon shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin goyon ciki, bayan kuma ya riga ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin irin waɗannan mata a Kano.

Ni dai abin da na fahimta shi ne, ko a bisa hujjar likitocin Zariya, laifin yana ga amfani da maganin ɗari a lokacin zafi. Tsohuwar da ta kwanta bisa ɗumi a daren Janairu, da yarinyar da aka tilasta wa kwanciya bisa wuta a watan Afrilu ko Yuli, tana zufa tana haki, ba hukuncinsu ɗaya ba. Babban haɗari kuma, wanda ya wajaba kowace uwa ta sani, shi ne cewa idan mai jego ta fara kumburi sai a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta a ƙara kanwa, alhali kuwa kumburi da haki da kasa kwanciya rigingine alamun zuciya ne, asibiti suke nema tun ranar da aka gan su.

Amma ba likitoci ne suka kashe gadon ƙasa ba, kasuwa ce. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa suka fara shiga hannun manoma, sai gadon ƙarfe mai rumfa ya shiga kayan ɗakin amare, daga baya katifar soso da gadon katako suka biyo. A shekarun 1970 kuma arzikin man fetur ya kawo siminti da bulo da kwano har ƙauyuka, gwanjon da ake saukewa a Kwatano yana biyowa ta Maraɗi da Jibiya ya sa rigar sanyi da bargo suka zama abin da talaka zai iya saye. Akwai kuma dalilin da ya shafi mata su kansu, wanda bai kamata a raina shi ba: gadon ƙarfe dukiyar amarya ne, iyayenta suka saya, danginta za su gani ranar jere, in aure ya mutu ta kwance abinta ta tafi da shi, gadon ƙasa kuwa na ɗaki ne, ɗaki kuma na miji. Ga shi kuma tsagarsa takan zama maɓoyar kuɗin cizo in ba a kula ba. Da waɗannan suka haɗu, sai ya zama alamar talauci da ƙauyanci, aka riƙa rushe shi ana jin kunyarsa, magina matasa kuma suka tashi ba su taɓa gina ko ɗaya ba.

Sai dai sanyi bai tafi ko'ina ba, ɗakin kwano da bulo kuma ya fi na ƙasa saurin hucewa, domin kwano ba ya riƙe zafi, da rana ya gasa mutum, da dare ya bar shi da ɗari. Abin da ya maye gurbin gadon a gidaje da yawa shi ne kaskon gawayi, a shigar da shi ɗaki mai shafen siminti da ƙofar ƙarfe, a toshe taga da tsumma, a kwanta. Gawayi idan yana ci a inda iska ba ta wadata ba yakan fitar da wata iska mai guba, kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu ko fiye. Farkonta ciwon kai da jiri, sa'an nan barci mai nauyi, wani ba ya farkawa. Shi ya sa duk shekara in hunturu ya kama hukumomin kashe gobara na jihohin Arewa ke ta gargaɗi a rediyo. Koriya ma ta shiga irin wannan musiba: bayan yaƙinsu na 1950 zuwa 1953 itace ya yi ƙaranci, suka koma hura dunƙulen kwal a ƙarƙashin ɗakunansu, gubar ta riƙa bullowa ta tsagar daɓe tana halaka mutane da yawa a shekarun 1960 da 1970. Su kuwa ba su rushe abin gadonsu ba, gyara shi suka yi, suka cire hayaƙi suka sa bututun ruwan zafi a madadinsa, har yau kusan kowane gida a Koriya ta Kudu ta ƙasa ake ɗumama shi.

Irin wannan hanya ta bututu akwai ta kuma a Turai da Amurka, inda mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright, wanda ya ɗanɗani ɗaki irin na Koriya a Tokiyo, ya binne bututu a daɓen wani gida da ya tsara a jihar Wisconsin a 1937. A yau akan shimfiɗa bututun roba a cikin siminti, a bisa wani abu mai hana zafi zurarewa ƙasa, ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 45 ya riƙa kewayawa, a kiyaye kada saman daɓen ya wuce 29. Masu irin waɗannan gidaje sukan duba tukunyar ruwan duk shekara, su fitar da iskar da ta maƙale a bututu, su wanke dattin da ya taru, domin in bututu ya fashe sai an fasa daɓe kafin a kai gare shi. Halinsa dai irin na gadonmu ne: jinkirin ɗaukar zafi, jinkirin hucewa, da tsoron tsaga.

Ba na ganin mutumin Daddara yana bukatar bututu da injin tura ruwa saboda sanyin wata biyu, a wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Abin da ya dace da shi, musamman mai tsoho ko maras lafiya a gida, shi ne tsohon gadon tare da gyara biyun nan da wasu al'ummai suka riga mu yi, kuma ba wanda ya fi ƙarfin magini da mai ginin tukwane na gari. A huda bakin wutar ta bayan bango, yadda daga tsakar gida za a zuba garwashi a kwashe toka, cikin ɗaki kuwa a rufe gadon ruf ba kafa ko ɗaya. Ta ɗaya gefen a fitar da mafitar hayaƙi da bututun yumɓu irin na indararo, a ɗaga ta ta wuce rufi. A saman gadon a sa faffaɗan duwatsu ko gasasshen bulo maimakon sanduna, don gara ta rasa abin ci. A kuma bar 'yar tagar sama a buɗe ko da sanyi ya kai yaya. Lokacin aikin shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwan kududdufi bai ƙafe ba kuma magina suka fara fita. A bar shi ya bushe sarai kafin ya ga wuta, a fara da garwashi kaɗan ana ƙarawa kowace rana don kada ya dare, kuma kafin kowa ya kwanta a kai, a tura ɗanyar ciyawa a bakin wutar da rana, a shiga ɗakin a rufe ƙofa a duba; duk inda aka ga hayaƙi ya ɓullo, nan ne za a sake yaɓewa.